Warƙa 23 a Tudun Wada: Jabu Ne Ko Rubutun Sirri?

Mun bar Kano bayan sallar asuba, hazo ya lulluɓe hanya har muka wuce Kwanar Dangora. A Zariya muka karya, kafin azahar mota ta sauke mu a Kawo, daga nan muka nemi keke zuwa Tudun Wada. Abin da ya kawo mu Kaduna tsohuwar gafaka ce da wani gida suka gada daga kakansu. A cikinta akwai warƙa 23 da aka rasa mai karanta su. Wani ya gaya musu asirin dukiya ne, wani kuma ya ce zanen banza ne da aka yi don a cuci mai saye.

Kayan aikinmu ba su cika jaka ba: madubin ƙara girma mai ninki goma, ma'auni mai milimita, fitila mai faɗi da ake ɗora takarda a kai, fensir, da 'yar tocilar nan da 'yan canji ke duba jabun kuɗi da ita. Dattijon gidan ya shimfiɗa mana tabarma a zaure. Na ce, "Baba, a ba mu ruwa da sabulu mu wanke hannu, kuma don Allah a ɗauke kofin shayin nan daga kusa." Ba a buɗe irin wannan takarda da yatsa mai miyau, ba a liƙe yagewarta da salatif, domin ƙaron jikinsa yana shiga takarda ya bar tabon da ba ya fita.

Da takarda ake farawa, rubutu sai daga baya. Muka riƙa ɗora kowace warƙa a kan fitila. A guda 20 an ga siraran layuka a jere kusa da juna, wasu 'yan kaɗan kuma sun ratsa su a tsaye, tazararsu wajen santimita biyu da rabi zuwa uku. Wannan sawun ragar waya ce da ake tsamo takarda da ita a masana'antun da. A cikin wasu an ga tambarin jinjirin wata uku a jere, kowanne ya fi na bayansa ƙanƙanta. Takarda ce ta arewacin Italiya, irin wadda gidan Galvani na Pordenone ya shahara da ita, fatake suka riƙa ɗaukowa ta Tarabulus da Masar su ratso Sahara zuwa Kano da Borno, musamman a ƙarni na 19.

Sauran ukun daban suke. Ba layi, ba tambari, da muka haska musu tocilar 'yan canji sai suka ɗauki wani shuɗin haske kamar rigar da aka sa wa bula. Sinadarin da ke haddasa wannan ƙyalli bai zama ruwan dare a takarda ba sai wajen shekarun 1950. Launin tsufansu ma bai yi kama da na shekaru ba. Takardar da ta daɗe gefenta ne ke fara duhu, da kusurwar da yatsa ke kamawa. Waɗannan kuwa ja ɗaya ne daga sama har ƙasa, da 'yar da'ira a inda ruwa ya tsaya ya bushe, alamar an tsoma su a shayi. Abin da ya fi tona musu asiri shi ne hujin ƙwaro. Ƙwaro idan ya ci littafi yakan ratsa warƙoƙi a jere, in ka haɗa su hujin ya zo daidai. A gafakar nan hujin ya bi ta warƙa ta takwas, ya tsallake ukun nan, ya ci gaba a ta goma sha biyu. An cusa su ne bayan ƙwaron ya gama aikinsa.

Tawada ma tana ba da shaida. Ta gawayi da ƙaro baƙa ce wuluk, a saman takarda take zama, danshi kaɗan ke shafe ta. Ta bagaruwa da aka haɗa da ƙarfe kuwa shiga jikin takarda take yi, ta koma ruwan ƙasa da shekaru, ta bar inuwa a bayan shafi, wani lokaci har ta cinye wurin harafin. Ta biyun ce a warƙoƙi ashirin ɗin, kuma a madubi ana ganin kauri da sirantar alƙalamin kara.

Nan wani saurayi a gidan, ɗalibi, ya miƙo mini wayarsa. "Malam, ashe namu na gaskiya ne, kamar wancan na Turai." Littafin Voynich yake nufi, wanda dillalin littattafai Wilfrid Voynich ya saya a Italiya a 1912, yanzu yana ɗakin karatu na Beinecke a Jami'ar Yale a Amurka. Shafinsa kusan 240 ne, a kan fatar maraƙi, da zanen tsirrai da taurari. Gwajin da aka yi a Jami'ar Arizona a 2009 ya nuna fatar ta tsakanin 1404 da 1438 ce. Na ce masa a nan ne mutane da yawa ke zamewa. Gwajin ya faɗi lokacin da dabbar ta mutu, bai ce rubutun yana da ma'ana ba. Ana iya rubuta shirme a kan tsohuwar fata, kuma maƙaryata ba a zamaninmu suka fara ba. A 2004 wani mai bincike, Gordon Rugg, ya nuna cewa da jadawalin gaɓoɓi da kati mai huji mutum zai iya cika shafuka da kalmomi masu kama da na Voynich alhali ba sa nufin komai. Ta ɗaya gefen kuma ga rubutun Copiale na ƙarni na 18, wanda ya daɗe a rufe, sai a 2011 aka warware shi, ya fito Jamusanci ne na wata ƙungiyar asiri. Don haka tsufan takarda bai isa hujja ba, gagarar karatu ma bai isa ba. Ƙirga ake yi.

Dabarar ƙirgan ta daɗe, Al-Kindi ya bayyana ta a Bagadaza tun ƙarni na 9. Ka kwafe alamomin da fensir, ka ga iri nawa ne, ka ga wacce ta fi yawa, wacce ke bin wacce. In iri-irin sun tsaya kusa da 28, to wataƙila haruffan Larabci ne aka sauya wa kama. A warƙoƙi ukun nan na jabu alamomin sun haura sittin, kuma da wuya ka ga jeri ɗaya ya dawo. Harshe ba ya haka. Ko zaurance ne, dole "da" da "na" su yi ta dawowa.

Guda 16 daga cikin ashirin ɗin kuwa lambobi ne zalla, ɗigo na raba su. Layin farko ya fara da 2, 300, 40, 1, 30, 30, 5, kuma lambobin layin 19 ne cif. Malamin ƙasar nan ba ya fara rubutu ba Bismilla, ita kuma haruffanta 19 ne, ga lam biyu a jere a gurbi na biyar da na shida. Hisabi ne, kowane harafi an rubuta lambarsa. Kuma 300 ɗin nan ta faɗi daga inda marubucin ya yi karatu. A lissafin Gabas sin 60 ce, shin 300. A na Magrib, wato ƙasashen Larabawa na arewa maso yammacin Afirka, wanda malamanmu suka gada, sin 300 ce, shin 1000, sad 60, gain 900. Wanda ya ɗauko jadawalin Gabas daga intanet zai sami yawancin haruffa daidai, shida su ɓace masa, ya yanke cewa shirme ne. Haka kuskuren ke faruwa a ramzin kwanan wata, wato rubuta shekara da haruffa: shin, ra, ɗa a wurinmu 1209 ne na Hijira, a lissafin Gabas 509, ratar shekara 700.

Bayan Bismilla sai Hausa ta fito a ajami, haɗe-haɗen magani ne, sabara da marke da saiwoyi, da adadin kwanakin jiƙo. Wahalar ita ce marubucin bai sa wasali ba, wani wurin ma ya jefar da haruffan da ke jan wasali. In ka ga 900 da 200, gain da ra ke nan: gari ne, ko gero, ko goro, ko gora? Sai jimla ta raba gardama. Sharaɗina a nan ɗaya ne, kuma da shi nake auna duk mai cewa ya warware Voynich: ƙa'ida ɗaya ta karanta dukkan shafuka, kuma in ka ba wani ƙa'idar ya tafi wani ɗaki, ya dawo da irin karatunka. Abokin tafiyata ya ɗauki warƙa ta biyar ya koma bakin ƙofa, muka gwama, saɓaninmu bai wuce wasali ba.

Saura huɗu. Takardarsu da tawadarsu na asali ne. Ɗaya hatimin Buduhu ce mai gida tara, kowane layi ya ba da 15, ilimin da Muhammad al-Kashinawi ɗan Katsina ya yi rubutu a kai a 1732 kafin rasuwarsa a Alƙahira a 1741. Kewaye da ita da sauran ukun akwai alamomi masu 'yan zobba a baki, duka ba su kai ɗari ba. Wannan ya yi kaɗan ga ƙirga, duk karatun da ka ƙaƙaba musu zai zauna, saboda haka ban ba su karatu ba.

Washegari muka raka ɗalibin Gidan Arewa da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna Ahmadu Bello wanda ya zama cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello, don ya san inda ake adana irin waɗannan takardu da inda zai nemi masu gwama hannun marubuta. Kafin mu koma Kawo na ce wa dattijon, "Baba, a cire gafakar daga cikin leda kafin damina, danshi take tarawa. A naɗe ta da farin ƙyalle na auduga, a ɗora a sama nesa da bango. Ukun nan kuma kada a yar, a ware su a ambulan, a rubuta gurbin da aka same su." Ya sa aka kawo ƙyallen tun muna zaune, ya naɗe ta da hannunsa.