Lahadi: Gujungu da dawowa a tsohuwar Carina

Hazo ya sauko sosai yau. Da na fito daga masallaci bayan asuba, da ƙyar nake hango darbejiyar ƙofar gida, motar da ke ƙarƙashinta kuwa ta yi furu-furu kamar an barbaɗa mata garin dawa. Gilas kawai na wanke da ruwan buta, don wanke jikin mota a wannan lokaci ɓarnar ruwa ce. Na ɗaga bonet na duba baƙin mai, na leƙa ruwan lagireto, na zagaya tayoyin ina taka su ɗaya bayan ɗaya. Tun 2014 da na saye ta ban taɓa fita ban yi haka ba. Murɗa makulli ɗaya ta tashi. Na bar ta tana ɗumi na shiga gaida Inna.

Na tarar har ta yafa mayafi tana zaune bakin gado da jakarta. Kwanuka za ta saya wa jikarta da za a aurar bayan an gama kaka, kuma ta ce ba za ta aiki kowa ba, da idonta za ta zaɓa. Ni ne ɗan farinta, ba ta kama sunana. Ta ce, "Kai wannan, ka dai tafi da ni a hankali, ƙuguna ba ya son jijjiga." Na ce, "To Inna, in sha Allahu."

Buhu biyu na riɗi muka sa a but, ɗaya nawa, ɗaya na maƙwabcina wanda ƙafa ta kwantar da shi tun satin jiya. Zoɓon uwargida, da ba shi da nauyi sai cin wuri, muka tura gefen Inna a baya. Ɗan ƙanena da ya zo hutun ƙarshen mako daga Kano ya shiga gaba.

Ba mu yi nisa ba ya ɗauko maganar da na san za ta zo. "Baffa, don Allah ka sayar da motar nan ka cika kuɗi ka sayi ta zamani. Ko kallonta fa ba a yi a hanya."

Ban ba shi amsa nan take ba, don mun iso rairayin da ke tsakaninmu da titi, inda amalanke ma sai an yi wa shanu tsawa. Na sa giya ta biyu, na riƙe totur daidai, ban ƙara ba ban rage ba, na bar sitiyari yana wasa a hannuna har muka haye. Motar da ke ja da gaba irin wannan, in ka tsaya a tsakiyar yashi ko ka yi mata gaggawa, ta kafe ke nan. In ka san halinta sai ta fitar da kai. Da muka hau kwalta na ce masa abin da ya faɗa gaskiya ne, ba a kallonta, kuma wannan yana cikin abin da ya sa nake son ta. Nakan ajiye ta a bakin kasuwa in yi awa uku ban waiwaya ba. In na je ta'aziyya ba a ɗauke ni wani ƙusa a fara miƙo mini buƙatu, in na je sayen taki ba a ƙara mini kuɗi don an ga abin hawana. Malamin firamare nake, motar kuma ta yi daidai da ni.

Toyota Carina E ce, ƙirar 1996, ruwan toka, injin 1.6, giyar hannu. Daga 1992 zuwa 1997 aka yi irinta, sannan Avensis ta gaje ta. Abin da ya ba yaron mamaki shi ne da na ce masa ba a Japan aka haɗa tawa ba, a Ingila ne, a masana'antar Burnaston, kuma lambar jikinta da ta fara da SB1 ita ce shaida. Nakan yi tunanin wanda ya fara hawanta can, watakila wani magidanci ne mai kai yara makaranta kamar ni. Daga can jirgin ruwa ya sauke ta a Kwatano, a zamanin da motoci ke shigowa ta iyakar ƙasa kafin gwamnati ta hana a farkon 2017. Wani ma'aikaci a Kano ya hau ta shekaru, da ya yi ritaya ya sayar mini. Ko a ƙasar da aka ƙera ta ba motar nuna isa ba ce. An yi ta ne don ta tashi kullum da safe ta kai mutum inda za shi, kuma shekara kusan talatin abin da take yi ke nan.

Inna da na zaci gyangyaɗi take sai ta sa baki. Ta ce wa jikan nata, "Kai yaro, kakanka ma Fijo ɗaya ya hau har Allah ya karɓi abinsa." Daga nan hira ta koma kan 504 ɗin Baba, Allah ya jiƙansa. Ita kam a Kaduna aka haɗa ta, a masana'antar Peugeot da aka buɗe a 1975. Faransa ta daina yin ta tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba har bayan shekarar 2000, domin hanyoyinmu sun karɓe ta. Da baya take ja, cikinta a ɗage yake, rami ba ya ba ta tsoro. A lokacin babban sakatare ita yake hawa, direban tasha ma ita yake lodi. Motar Baba ita ce ta ɗauko kusan duk amaren unguwarmu, ita ta kai masu naƙuda asibiti cikin dare, ita ta rako alhazai filin jirgi a Kano. Ina yaro ban san darajarta ba, idona na kan Marsandi. Sai da na girma na riƙe gida na gane abin da Baba ya gani.

Kafin Gujungu da kaɗan na ji bayan motar yana rinjaya gefe. Na sauka, tayar baya ta dama ta kwanta. Guntun kututturen kara ne ya shige ta, tun a hanyar gona muka kwaso shi ba mu sani ba. Ni da yaron muka sauke buhunan, muka ciro safaya da jak, cikin minti kaɗan muka ɗaura. Inna tana inuwar gawo tana jan carbi.

Kasuwa ta cika maƙil. Duk Lahadi haka Gujungu take, ga ta a mararrabar da hanya ke rabuwa, ɗaya ta yi Gumel ɗaya ta yi Haɗeja, manyan motoci sun jeru suna jiran hatsi da dabbobi. Na sayar da riɗin, na ƙulle kuɗin maƙwabcina daban a aljihun ciki. Inna ta shige layin 'yan kwanuka da jikanta yana riƙe mata jaka, ni kuma na gangara da tayar wajen mai faci.

A nan ne na daɗe. Kusa da mai facin akwai bakaniken da nake kai wa aiki, rumfarsa ta kara ce da tabarma da akwatin sifanu. Yana ganina ya ce, "Malam, tun kana shigowa na ji bel ɗinka yana kuka." Ni ban ma lura ba. Ya ɗaga bonet, ya danna bel ɗin da yatsa, ya ɗauko sifana ya ɗaure, ya ce zai kai ni wata biyu amma in sayi sabo in ajiye. Ya aiki yaronsa, kafin in gama shan ruwan leda an kawo. Wannan fa a kasuwar ƙauye. Abin da ya fi ƙarfin nan kuwa, in ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano za ka same shi, sabo ko na Baljiyam, daga fitila har injin sukutum. A gefe guda ga wata doguwar mota baƙa, sabuwa fil, tun jiya take ajiye a wurin. Wata fitila ce ta kama a gaban direba, motar ta ƙi gudu. Bakaniken ya ce shi ba zai taɓa ta ba, sai an zo da kwamfuta daga birni. Mai ita yana zaune a benci ya yi tagumi, wallahi ya ba ni tausayi. Ɗan ƙanena ya dawo ya tarar da mu a haka, ya tsaya yana kallon motocin biyu, bai ce komai ba.

Ba wai tawa ba ta da nata ba. Na'urar sanyaya ta daina aiki tun kafin ta zo hannuna, ƙofar baya ta hagu daga waje ake buɗe ta, fentin rufin duk rana ta cinye. Amma kowane ƙara da take yi na san daga ina yake, na san kuma nawa zai ci. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin mai, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mutane da yawa da na sani sun jingine manyan motocinsu sun koma babur. Ni na rage yawo ne kawai. Ƙaramin injin nan ba ya zuƙar mai, in na haɗa tafiyata da ta maƙwabta kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, sai a je a dawo. Babur ba zai ɗauki Inna da kwanukanta da buhu biyu ba.

Bayan la'asar muka kamo hanya. But cike da kwanuka da tabarmi biyu da buhun gishiri, a baya kuma an ƙaru da wata tsohuwa 'yar garinmu da ta rasa motar komawa. A bakin rairayi yaron ya ce, "Baffa, ko za ka bar ni in gwada?" Na tsaya, muka yi musayar wuri. Na ce masa giya ta biyu, kada ya ɗaga ƙafa, kada ya danna. Ta ɗan yi tangaɗi a tsakiya, Inna ta yi salati, amma ya fitar da mu. Har gida yana murmushi.

Na kai wa maƙwabcina kuɗinsa ya ƙirga ya sa albarka. Bayan isha'i ina rufe gilasan motar sai ga ƙanen mai unguwa ya yi sallama. Matarsa ce za ta koma awo Ringim gobe, kuma watan nan ba ta iya hawa babur. Na ce masa ina da aji ƙarfe takwas, don haka su shirya da an idar da asuba. Na kunna fitilar waya na duba allurar mai, ta ɗan haura kwata, zai kai mu ya dawo da mu. Na sa dutse a bayan taya na shiga gida.