Kwaɗon da ya ƙi rufuwa

Kwana uku na yi ina neman laifi a inda babu laifi. Shafin sayar da kaya da nake kula da shi a wurin aiki ya samu takardar shaidar tsaro, adireshin ɓangaren biyan kuɗi ya koma https, wato hanyar da ke ɓoye bayanai tsakanin baƙo da shafi, amma duk wanda ya isa can sai burauza ta tare shi da gargaɗi. Masu amfani da tsohuwar Internet Explorer suka fi shan wahala, domin wani akwati ne ke tsayawa a tsakiyar allo yana cewa shafin na ɗauke da abubuwa masu tsaro da marasa tsaro, yana tambaya ko a nuna su. Mutum ya riga ya ciro katin bankinsa, sai ya ci karo da wannan tambayar. Wa zai ga laifinsa idan ya rufe shafin ya yi gaba?

Hankalina gaba ɗaya ya tafi kan takardar shaidar. Na cire ta na sake ɗorawa, na duba ranar ƙarewarta, na rubuta wa waɗanda suka sayar mana da ita, suka ce lafiyarta ƙalau. A rana ta uku wani abokin aiki da ya girme ni ya jawo kujera kusa da ni ya ce, "Malam, ƙyale takardar nan haka. Buɗe mana tushen shafin, ka nemo duk inda aka rubuta http babu s." Na buɗe, na danna Ctrl da F. Wuri ɗaya tak ya fito, can ƙasa dab da ƙarshe: layin da ke kiran urchin.js, wato ɗan guntun umarnin Google Analytics mai ƙirga baƙi. Ni da hannuna na liƙa shi watanni kafin nan, na manta da shi.

Google ta sayi kamfanin Urchin a 2005, ta fito da Analytics a watan Nuwamba na shekarar, kuma a wancan lokacin adireshi biyu ake da su. Shafi na yau da kullum yana kiran www.google-analytics.com ta http, shafi mai tsaro kuma dole ya kira ssl.google-analytics.com ta https. Ni na kwafo na farkon na zuba a ƙasan shafi wanda kowane ɓangare ke amfani da shi. Da na canza layin, gargaɗin ya ɓace, kwaɗon da burauza ke nunawa a shafi mai tsaro ya rufu. Sabon umarnin da suka fitar a ƙarshen 2007, ga.js, da kansa yake duba ko shafin https ne sannan ya zaɓi adireshin da ya dace, abin da ke nuna cewa ba ni kaɗai na faɗa wannan ramin ba.

Gyaran bai kai minti biyu ba, amma fahimtar dalilinsa ta ɗauke ni lokaci. Da farko gani nake burauza tsanani kawai take yi: me ɗan ƙirga baƙi zai ɓata? Sai daga baya na gane cewa umarnin JavaScript, ko daga ina ya zo, da zarar ya shiga shafi yana da ikon da mai shafin yake da shi. Zai iya karanta abin da mutum ke rubutawa a gurbin kalmar sirri, zai iya canza inda fom zai tura lambar kati. Idan ta http ya taho, to a buɗe ya biyo hanya, duk wanda ke tsakanin baƙo da sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da fayil ɗin, ko mai Wi-Fi ɗin da aka hau ne, zai iya musanya shi da nasa. Ka kulle ƙofar gida ka bar taga a buɗe ke nan. Hoto da ya zo ta http shi ma matsala ne, sai dai ɓarnarsa ba ta kai haka ba, tunda hoto ba ya aiwatar da komai.

Wannan kuma ya faru a zahiri. A watan Maris na 2015 an yi wa GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ruwan buƙatu don a durƙusar da shi, kuma masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto sun nuna cewa umarnin kamfanin Baidu na China, har da na ƙirga baƙi, ake tarewa a hanya a musanya da wani. Mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, burauzarsu ta zama makamin kai hari. Tun da na karanta labarin ban sake raina wannan gargaɗin ba.

Karo na biyu da matsalar ta same ni, ta zo ne shiru. Tun daga Firefox 23 a 2013, haka ma Chrome, burauza ta daina tambayar kowa, toshe irin wannan umarnin take yi kai tsaye. Wani shafi da muka mayar https gaba ɗayansa, sai alƙaluman baƙinsa suka zube ƙasa cikin dare ɗaya. Mai shafin hankalinsa ya tashi, ya ɗauka mutane ne suka guje shi, alhali ciniki na tafiya yadda ya saba. Na danna F12 don buɗe kayan binciken burauza, ga jan layi nan yana faɗin sunan fayil ɗin da aka toshe. Baƙin suna zuwa, mai ƙirga su ne aka hana shiga. Alƙaluman kwanakin da suka wuce kuwa sun tafi ke nan, ba a dawo da su.

Yanzu duk umarnin waje da zan saka, https nake rubuta masa ƙarara. Na daina amfani da dabarar fara adireshi da // kawai don ya bi tsarin shafin, tunda babu sauran dalilin barin ƙofar http. Ina kuma sanya upgrade-insecure-requests a saitin sabar don ya ɗaga abin da ya kuɓuce mini, ko da yake ba ya taimako idan can ɗin da ake kira ba ya amsa https. Abin da ya fi cin lokacina shi ne umarnin da ke kiran wani umarnin a ɓoye, wanda ba za ka gan shi a tushen shafi ba sai ka bi jerin buƙatun da burauza ta aika ɗaya bayan ɗaya. A makon da ya wuce ma na kama wani: tsohon ma'aunin talla da aka daina amfani da shi shekaru da suka wuce, amma ba wanda ya tuna ya cire. Wannan ban gyara adireshinsa ba, goge layin na yi.