Na kashe kuɗi a kan kujerar wanet, ashe ciwon daga taya yake

Duk wanda ya fito da sabuwar wanet, wato motar a-kori-kura, daga wakala (dillalin kamfanin mota) a nan Jidda, kafin ya kai ta sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, a taɓa mata kujera, ya buɗe ƙofar direba ya karanta 'yar takardar nan da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofa, mai nuna yawan iskar da taya ke buƙata. Ni babu wanda ya gaya min haka, kuma har gobe idan na tuna kusan riyal 2,000 da na zube wa mai tanjid, wato mai ɗinkin kujerun mota, sai raina ya sosu.

Motar gamara biyu ce, wato ɗakin zamanta na da kujerun gaba da na baya, mai dizal, giyar hannu, cikin masu ƙaramar daraja, da sunan mu'assasar, wato kamfanin, da nake wa aiki. Aikinta kai kaya Madina da Yanbu, wani zubin a gangara ta bakin teku zuwa Ƙunfuza da Jazan. A tafi da kaya, a dawo wayam. Jidda zuwa Madina wajen kilomita 420 ne. A tafiya lafiya lau nake sauka. A dawowa kuwa, tun ban ci rabin hanya ba ƙugu ya riƙe, cinyar dama ta yi tsami, in na fito sai na dafa bodi kafin in miƙe. Kowa na gaya wa sai ya ce kujerar ƙananan wanet ce, soson ba shi da kauri, a kai ta tanjid.

Mai tanjid ɗin ya ɗora soso mai kaurin santimita 3 a kan na kamfani, ya lulluɓe da ledar nan da suke kira fata. A cikin shago kam, ka zauna ka ji kamar majalisi, wato falon baƙi. A kan hanya abu ya ƙara lalacewa ta fuska uku. Soson ya cike kwarmin tsakiyar kujera, gefunan nan biyu masu tudu da ke riƙe cinya suka baje, duk kwana sai jiki ya zame. Ledar ba ta shan gumi, kuma motar da ta wuni a ranar Jidda cikinta yakan haura digiri 60, ka zauna kamar ka hau tanda. Jallabiya kuma santsi take a kan leda, sai ka ga ɗuwawu na ta zamewa gaba kaɗan-kaɗan, ƙugu ya rabu da majingina, ya lanƙwashe babu abin da ya tokare shi. Abu na uku shi ya fi tayar min da hankali: a gefen majinginar akwai ɗan ƙyalle mai rubutun SRS AIRBAG, wato jakar iskar gefe a cikin kujerar take, kuma ɗinkin wurin an yi shi ne musamman don ya yage in an yi karo. Mutumin ya rufe wurin ruf da ɗinki biyu. Bai ma san da zancen ba. Cire aikin nasa ma sai da na sake biya.

Wani dattijo Bahaushe da ya daɗe yana jan kaya tsakanin Makka da Ɗa'if ne ya tsayar da ni a banshar, wato shagon gyaran taya, ya ce, "Ɗana, kujerar da ba ta ciwo a tafiya sai a dawowa, ba ita ce mai laifi ba. Auna tayarka." Aka auna da sassafe, taya a sanyaye: 50 a duka huɗun, a ma'aunin iska na PSI. Takardar jikin ƙofa ta ce 29 gaba da baya idan babu kaya, 36 a baya idan an yi lodi. Wato iska ta wuce ƙa'ida da 21, a motar da bayanta babu ko buhu ɗaya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sabbin motoci ana cika musu iska fiye da kima kafin a loda su a jirgin ruwa, don kada taya ta kwanta ta yi gefe saboda doguwar tsayuwa. Ya kamata a rage kafin a miƙa maka makulli, amma ba kullum ake yi ba. Sannan yaran banshar, da sun ga wanet, 45 ko 50 suke dannawa ba tare da tambaya ba, a ganinsu motar kaya ce. Taya ita ce matashin farko tsakaninka da kwalta. Idan ta yi tauri, duk wata gaɓar kwalta da duk wani maɗab, wato tudun rage gudu, kai tsaye yake hawa shasi (ƙarfen gindin mota), ya hau ƙarfen kujera, ya sauka a ƙashin bayanka. Babu soson da zai shanye wannan.

Amma a yi hattara, kada wani ya karanta wannan ya je ya sace iska yadda ya ga dama. A zafin ƙasar nan tayar da iskarta ta gaza ta fi haɗari, don gefenta na lanƙwasa ya yi zafi har ta fashe a kan gudu. Ana aunawa ne da safe kafin mota ta motsa, ko bayan ta huta awa uku a inuwa. In ka yi tafiya mai nisa ka auna, za ka ga ta ƙaru da 4 zuwa 6, wannan daidai ne, kada ka rage. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da za ka sa ba. Kuma lambobin takardar nan na girman tayar da motar ta zo da ita ne. In ka sauya zuwa masu rubutun LT ko C, masu kaurin gefe, lissafin ya canza, kuma dama sun fi tauri a zama ko da iska daidai. Ni yanzu da ma'aunina da ƙaramin famfon da ake jonawa a batir nake yawo: a ƙara wa baya kafin lodi, a mayar da ita 29 bayan an sauke kaya kuma taya ta huce. Ma'aunin nan kuɗinsa bai kai na cin abincin rana sau biyu ba. Riyal 2,000 fa!

Bayan taya sai sifirin. Yawancin wanet ɗin da ke kasuwarmu, Hilux da D-Max da L200 da shas (wanet ɗin Land Cruiser), bayansu sifirin faifai ne, falle-fallen ƙarfe da aka jera don ɗaukar kaya kimanin tan guda. Sifirin da aka ƙera don tan guda, in babu komai a kansa ba ya lotsawa, tsalle yake. Shi ya sa tafiya da kaya take daɗi, dawowa take azaba. Maganin mai sauƙi ne: kilo 100 zuwa 150 a bodi, a kan gatarin baya daidai ko gaba da shi kaɗan, a ɗaure tam. Buhunan yashi sun fi, don ba sa gangarawa. Kada a ajiye su can bakin ƙofar bodi, nauyi a bayan gatari yana ɗaga gaba ya sa sitiyari ya yi sako-sako. Jarkokin ruwa ma suna yi in an cika su fal, rabin jarka kuwa tangal-tangal take sa mota a kwana. Akwai masu cire falle ɗaya daga sifirin don ya yi laushi. Ban ba da wannan shawarar ga mai ɗaukar kaya ba, ranar da aka yi lodi sosai baya zai zauna a kan robar tsayawa. Wanda kuma ba kaya yake ja ba, iyali yake ɗauka, ya sani akwai masu sifirin murɗe a baya: Ram 1500 tun samfurin 2009, Tundra daga 2022, da Ranger Raptor. Zamansu daban ne, kuɗinsu ma daban.

To ita kujerar fa, ba ta da nata? Tana da shi, amma ba a taurin soso yake ba. Soson kamfani da gangan aka yi shi da ɗan tauri, a cikin ma'arad, wato wurin baje kolin motoci, ba ya burgewa, bayan awa huɗu shi ne ke riƙe ka. Mai laushin nan da hannu ke nutsewa a ciki, musamman wanda ke ɗaukar siffar jiki, zafi na sa shi ya saki gaba ɗaya, ka wayi gari a kan ƙarfe kake zaune. Matsalar kujerar wanet a siffar gamara take. Jikin motar a kan shasi yake zaune, don haka daɓen ciki yana sama, kujera kuma ba ta da tsayi sosai daga daɓe. Dogon mutum sai gwiwarsa ta ɗaga sama da ƙugu, ƙasan cinya ya bar kujera, nauyin jiki duka ya taru a ƙasusuwan zama biyu. Tsamin cinyar nan daga nan yake.

Don haka abin da za ka tambaya a ma'arad ba fata ko yadi ba ne, ta hanya nawa kujerar ke motsi. Ta ƙaramar daraja gaba da baya take yi, sai kwantar da majingina, shi ke nan. Ta sama da ita tana da hannun ɗagawa sama da ƙasa. Mai lantarki ta hanya takwas ita ce ke ɗaga bakin kujera daban, ya tokare cinya, kuma wannan shi ne abin da mai doguwar tafiya yake buƙata. Ka duba sitiyari ma: wani sama da ƙasa kawai yake yi, ba ya jawuwa zuwa ƙirji. In bai jawuwa, dogo zai matsar da kujera baya saboda ƙafa, sannan ya miƙa hannu ya rabu da majingina, kafaɗa da wuya su ɗauka. Da na san haka, bambancin kuɗin daraja ta gaba da na roƙi mu'assasa ta biya, ni in cika da abin da na kai tanjid.

Yadda nake daidaita tawa yanzu, kuma a jere yake, in ka sauya jerin sai ka sake daga farko. Ɗuwawu can ƙurya, a manne da majingina. A taka kuloci har ƙasa, a matsar da kujera har gwiwa ta rage ɗan lanƙwasa, kada ƙafa ta miƙe sambal. A ɗaga kujera har ƙugu ya yi daidai da gwiwa ko ya ɗara kaɗan, matuƙar kai bai kusa rufi ba. Tsakanin bakin kujera da bayan gwiwa a bar yatsu biyu zuwa uku. Majingina a kwantar da ita kaɗan daga tsaye, digiri 100 zuwa 110, ba kwanciyar samarin titin Tahliya ba. Sannan sitiyari: kafaɗa na manne, wuyan hannu ya iya sauka a samansa, ƙirji kuma ya yi nesa da tsakiyarsa da aƙalla santimita 25 saboda jakar iska. Matashin kai, samansa daidai da saman kanka. In babu abin tokare ƙugu, tawul ƙarami a naɗe, kaurinsa kada ya wuce santimita 4 ko 5, a sa shi daidai layin ɗamara. Wanda ake sayarwa mai kauri yana tura ka gaba ne ya rage maka tsawon kujera a ƙarƙashin cinya. Mai sa wando ya cire walat daga aljihun baya. Kuma don Allah a yage ledar da mota ta zo da ita a kan kujera. Na san muna barinta don a ga sabuwa ce, amma santsi da gumin da na biya kuɗi na saya a wurin mai tanjid, ita kyauta take ba da su.

Akwai masu sa ƙarfe a ƙarƙashin ƙafafun kujera na gaba don ɗaga bakinta santimita 2 ko 3. Yana aiki, na zauna a irinta. Sai dai kusoshin nan huɗu su ke riƙe kai da kujera a lokacin karo, kuma a motoci da yawa makullin bel a jikin kujerar yake. Wanda zai yi, kada ya tara washa, wato zobban ƙarfen da ake sa wa ƙusa, ya mayar da tsohon ƙusa wanda ya gajarce. Ni ban yi ba, motar tana cikin garanti.

Kujerar baya a gamara biyu kuwa, wannan babu dabarar da ke gyara ta sosai. Majinginarta a jikin bangon gamara take, kusan a tsaye, ba ta kwantawa, mazaunin gajere ne kuma ƙasa-ƙasa, ga shi ta fi kusa da gatarin baya inda tsallen yake. Daga Jidda zuwa Makka, kilomita 80 ko ƙasa da haka, kowa zai jure. Amma wanda ke shirin ɗaukar Hajiya da Baba zuwa ziyara Madina, ya shiga bayan da kansa a ma'arad, a matsar da kujerar gaba yadda yake tuƙi, ya ga inda gwiwarsa za ta tsaya. In da hali ya karɓi hayar irin motar, daraja ɗaya, ya yi wuni da ita babu kaya, ya bi ta unguwa mai yawan maɗab sannan ya hau babban titi na awa ɗaya. Kafin ya tayar da ita ya sa ma'auni a taya huɗun, don motar haya ma hannun yaran banshar take bi. In tafiyar ta zama dole da tsofaffi a baya, buhunan yashin nan su kasance a bodi, mai ciwon ƙugu a ba shi gaba, kuma a riƙa tsayawa a istiraha, wato wurin hutawa na bakin hanya, duk bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu a taka ƙasa.