Wasiƙa daga Hamburg: wane ruwa latas ɗinmu ya sha?

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Ya sanyi, ya iyali? Na san war haka lambu ya yi kyau, latas da kabeji da karas sun cika kasuwa, kowa na haɗa kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Abin da ya sa na rubuto ke nan.

Ina garin nan na Hamburg, a ƙasar Jamus, a watan Mayun 2011 lokacin da asibitoci suka cika da masu gudawa da jini. Abin mamaki, waɗanda cutar ta fi kwantarwa mata ne manya, masu ƙarfi a jika, irin waɗanda ba sa cin abinci sai da ganye a gefe. Har da maƙwabciyata. Da na je dubiya na tarar da ita fuska a kumbure, an saka mata roba a wuya ana yi mata wankin ƙoda, ga kofin ruwa a gefen gado amma an ƙayyade mata abin da za ta sha. Matar da ko cokali ba ta bari ya kwana da datti.

Da fari hukumar lafiya ta Hamburg ta ɗora laifin kan kokwambar Sifaniya, manoma suka yi ta zubar da amfanin gona mota-mota. Ashe ba ita ba ce. Sai da masu bincike suka bi diddigin abin da majinyata suka ci, faranti bayan faranti, har aka dangana da wata gona a Bienenbüttel, wani ƙaramin gari a nan Jamus, da ke tsirar da iri ana ci ɗanye. Tsiron hulba ne, hulbar nan dai da muka sani. An gano cewa daga Masar aka shigo da irin tun 2009. Ƙwayar cutar, wani nau'in E. coli, ta kama kusan mutum 4,000, sama da 800 ƙodarsu ta taɓu, fiye da 50 suka rasu.

Tun daga nan na shiga karatun abin. Kowane ganye gari ne guda na ƙananan halittu, miliyoyinsu, kuma akasarinsu ba sa cutarwa. Masu cutarwar baƙi ne, daga kashin mutum ko na dabba suke zuwa, ta ruwan ban-ruwa ko ɗanyen taki ko hannun mai tsinka. In suka samu wuri sai su lafe cikin lungunan ganye da ƙofofin da yake numfashi da su, su lulluɓe kansu da wani yauƙi da ruwa ba ya ɗaukewa duka. Inda wuƙa ta yanka kuwa, ruwan ganyen abinci ne gare su. A 2018 latas ɗin Yuma a Amurka ya kwantar da mutum 210, biyar suka mutu, kuma a ruwan magudanar da ake shayar da gonakin aka samu ƙwayar.

Nan ne hankalina ke komawa gida. Duk wanda ya san Kano ya san lambunan da ke shan ruwan Jakara, ya kuma san abin da ke malala cikin ruwan. Ban ga laifin mai lambu ba, ruwan da ya samu ke nan da rani, da shi yake ciyar da iyali. Amma ina tuna mai kayan miya da bokitinsa guda, tun safe yake yayyafa wa latas don kada ya yi yaushi, ruwan har ya koma kalar ƙasa. Yaro ya ci, cikinsa ya ɓare, a ce ai haƙori ne ko shawara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa gurɓataccen abinci na kashe mutum 420,000 a shekara, 125,000 daga ciki yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin.

Don Allah, a yar da ganyen waje, a ware sauran ɗaya-ɗaya a wanke da ruwan da za a iya sha, ana zubawa yana wucewa, ba tsoma-tsame a roba guda ba. Gishiri da ruwan khal suna ragewa, ba sa gamawa. Wuƙar da ta yanka ɗanyar kaza kada ta taɓa tumatir. Kwaɗo kuma a ci da zarar an haɗa. Ƙaramin yaro da mai ciki da tsoho, ni dai a ganina a dafa musu, wuta ce ke kashe ƙwayar. In kuka ga jini a bayan gida, ko fitsarin yaro ya ragu, a tafi asibiti a ranar.

Maƙwabciyata ta tashi, alhamdulillahi, amma har yau tana zuwa awon ƙoda. Ku gaishe mini da kowa da kowa.

Taku, daga Hamburg.