Filastar Yaya

Jiya da yamma muka bar tashar Southampton ta Ingila a jirgin ruwa, kuma kafin asubar yau mun shiga mashigin Biskay, wanda ke tsakanin Faransa da Sifaniya, inda igiyoyin Atilantika ke tasowa daga zurfin teku su ci karo da ƙasa marar zurfi su fusata. Ƙarar ratayen kaya da ke bugun juna a cikin kabad ce ta tashe ni, gadon kuma yana ɗaga ni yana saukewa kamar hatsi a faifan mai bakace. Da gari ya waye kyaftin ya sanar cewa iskar ta kai mataki na 8 a ma'aunin Beaufort, wato tana gudun fiye da kilomita 60 a sa'a, aka rufe ƙofofin fita waje, aka kwashe ruwan wurin ninkaya. Da na ga an jera jakunkunan takarda a jikin ƙarfen matakala na san ma'aikatan ba wasa suke yi ba.

Ba aman ne ya tsaya mini a rai ba, duk da cewa sau huɗu na yi shi kafin azahar. Abin da na faɗa wa Yaya ne jiya, lokacin da na hango 'yar filastar scopolamine, maganin jirin teku, manne a bayan kunnenta tun muna layin shiga jirgi. Dariya na yi a gaban mutane na ce, "Haba Yaya, ko ruwan ba ki gani ba kin fara jinya?" Ni ce kuma na nace sai an kama mana ɗaki a hawa na 12 can goshin jirgi saboda kallon teku, alhali ita ta zaɓi na ƙasa a tsakiya, inda motsi ya fi sauƙi. Ashe fikafikan daidaita jirgi da ke jikinsa a ƙarƙashin ruwa tangaɗin dama da hagu kawai suke ragewa, ba ruwansu da dungure da tashin da goshin jirgi ke yi.

Bayan azahar ta shigo da shayin citta da busasshen biskit, ta zare wayar daga hannuna ta kife ta a kan tebur. "Sannu Auta, ki daina kallon wannan abin," in ji ta. "Kunnenki yana jin kina motsi, idonki yana cewa bango a tsaye yake, ƙwaƙwalwa ta rasa wanda za ta gaskata, shi ya sa cikinki ke juyawa." Ta zaunar da ni a bakin taga ta ce in kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa, tana riƙe da goshina da tafinta mai sanyi.

Ina zaune ina jiran ta tuna mini da maganar jiya, amma ko alama ba ta yi ba. Da shirun ya ishe ni na ce, "Yaya, don Allah ki faɗa kawai ki huta." Ta ce me za ta faɗa, ai Nelson da ya jagoranci jiragen yaƙin Ingila ma har ya mutu bai rabu da jirin teku ba, balle ni. Wallahi da ta yi mini gori da ya fi mini sauƙi, domin da na samu abin da zan yi fushi a kansa.

Baban Ummi kuwa lafiyarsa ƙalau, sau biyu ya ci abincin rana, har ya dawo yana ba ni labarin yadda faranti suka zame daga tebur. Ban amsa masa ba.

Yanzu ina kwance a gadon Yaya a hawa na 5, ita tana kan kujera ta naɗe ƙafa tana barci. Ta manna mini ɗaya daga cikin filastocinta, wadda aka ce tana ɗaukar sa'o'i kafin ta fara aiki kuma tana kai kwana uku, bakina ya bushe ƙamas. Sai jibi za mu isa Lisbon, babban birnin Portugal, kuma har yanzu ban ba ta haƙuri ba.