Ranar da na karɓi sakamakon gwajin jini

Da safiyar yau na karɓi takardar gwajin jinin da aka yi mini saboda ciwon da yake taso mini a saman ciki bayan cin abinci, kuma idona bai tsaya ko'ina ba sai kan layi guda, inda aka rubuta cewa sinadarin lifes (lipase) ya kai 92, alhali iyakar da ɗakin gwajin ya sa ita ce 60. Wannan sinadari mai narka kitse fankiriyas ce take fitar da shi, wato gaɓar nan da ke kwance a bayan tumbi, wadda kuma take samar da insulin mai daidaita sukarin jini. Kafin in shiga wurin likita da rana, zuciyata ta riga ta yanke mini hukuncin kumburin fankiriyas mai daɗewa, wanda yake mayar da gaɓar tabo a hankali har ta kasa aiki.

Likitar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, sai adadin ya ninka iyakar sau 3, wato 180 ke nan a nan, sannan muke zargin kumburi na farat ɗaya, kuma ko a hakan sai an haɗa da irin ciwon ko hoton ciki." Ta ƙara da cewa raunin ƙoda, ciwon sukari, wasu magunguna da kumburin hanji duk suna iya ɗaga shi kaɗan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayanin da ta yi cewa a kumburin mai daɗewa, lifes yakan fito daidai, ko ma ya yi ƙasa, domin gaɓar da ta lalace ba ta da abin fitarwa. Ashe lambar da ta hana ni sukuni ba ita ce mai tabbatar da cutar ba, kuma saukarta ba za ta wanke ni ba. Ta fi damuwa da ko na rame, ko bayan gidana yana maiƙo yana yawo a kan ruwa, ko ciwon yana ratsawa zuwa gadon baya. Duka na amsa da a'a. Da ta zo kan taba kuwa sai na sunkuyar da kai, domin ta jera ta tare da giya cikin manyan sabubba.

Ta rubuta mini gwajin ƙoda, na sukari da na kitsen jini, da hoton ciki don duba tsakuwar matsarmama, sannan a maimaita lifes bayan makonni. Kwalin tabar yana nan kan tebur, kuma tun da na dawo ban buɗe shi ba.