Takardun cibiyar zane ta gabashin Los Angeles

Yau wata abokiyar aiki ta turo mini hotunan wasu zane-zanen Self Help Graphics & Art, cibiyar koyar da zane ta 'yan asalin Meziko a gabashin Los Angeles, wadda aka yi wa rajista a 1973. Jami'ar Kalifoniya ta Santa Barbara ce ke adana takardunta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙasan takardar: sa hannun mai zane da lambar bugu (wato kwafi na nawa ne cikin waɗanda aka buga na zanen), duk da fensir, don tawadar biro kan dushe ko ta ratsa takarda. Irin wannan kaya a kwance ake ajiye shi, kowane zane a jakar takarda marar asid. A cire ƙusar stefula saboda tsatsa, a cire robar ɗaure takardu don takan narke ta manne. Salatif ya fi su ɓarna, gam ɗinsa kan bar tabo ruwan ƙasa mai wuyar fita. Ɗaki ya tsaya wajen digiri 18, laima kashi 30 zuwa 50. Ta haura 65, fumfuna ta samu ƙofa.

Ina ta tunanin yaran da motar cibiyar ta riƙa bi unguwanninsu tun 1975 tana koya musu zane. Yanzu sun manyanta, ko sun san an adana wannan tarihin nasu?